Ƙafar keke ta dala 4,000: me mai tirayatlon don sha'awa yake saya da kuɗinsa?

Ranar 26 ga Oktoba 2024, a garin Kona na tsibirin Hawai, Bafaranshe Sam Laidlow ya tuƙa keke kilomita 180 cikin awa 3 da minti 57. Tun da aka fara gasar Ironman ta duniya, babbar gasar tirayatlon mai dogon zango, ba wanda ya taɓa cinye wannan hanya da sauri haka. In aka raba, kilomita 45 da 'yan kai yake yi a kowace awa, kusan awa huɗu ba ɗagawa. Na fara da shi ne saboda wannan adadi na 45. Shi ne gudun da mujallar Tour ta Jamus take sa wa iska idan tana gwada kekuna a ɗakin gwajin iska da ke Immenstaad, kamfanonin Amurka kuwa da yawansu sun saba da mil 30, wato kilomita 48. Ke nan alƙaluman da ake buga wa mai saye a jikin talla, a kan gudun da gwanin gwanaye ya yi a ranar da ya fi kowa aka auno su. Ma'aikacin banki ko malamar makaranta da ke atisaye da asuba kafin aiki, waɗanda su ne ke cika filin gasa kuma su ne ke sayen kayan, galibinsu a kilomita 28 zuwa 32 suke tafiya.

Tirayatlon tsere uku ne a haɗe: iyo, sai keke, sai gudun ƙafa, ɗaya na bin ɗaya ba hutu, agogo kuma ba ya tsayawa ko lokacin sauya kaya. A San Diyego ta Amurka aka fara shi a siffarsa ta yanzu a 1974. A Fabrairun 1978 mutum 15 suka shiga Ironman na farko a tsibirin Owahu, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Nisan da suka yi shi ake yi har yau: iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2. Na Olamfik, wanda ya shiga wasannin a Sidni a 2000, gajere ne: kilomita 1.5, da 40, da 10.

A kowane nisa, keke ne ya fi cin lokaci, kusan rabin tseren gaba ɗaya. Shi ne kuma sashe ɗaya da kuɗi ke iya sayen sauri a fili. Akwai wata doka da ta ƙara wa abin ƙarfi. A Olamfik an yarda ƙwararru su bi bayan juna su fake daga iska, shi ya sa ake ganinsu a dunƙule kamar garke. A yawancin gasannin masu yi don sha'awa kuwa an hana. A Ironman sai ka bar tazarar mita 12 tsakaninka da na gabanka, in ka manne masa alƙali ya sa ka zaman tara. Kowa shi kaɗai yake fuskantar iska, don haka duk abin da zai rage masa jan iska yana da daraja a wurinsa. A kan wannan buƙata kasuwar ta ginu.

Tarihin da ya kafa ta ba ƙarya ba ne. A 1984 Francesco Moser ya karya tarihin gudun awa ɗaya a birnin Meziko, ya yi kilomita 51.151 a kan ƙafafun keke rufaffu kamar faifai, ba sifoki a waje. A 1989 Greg LeMond ya shiga zangon ƙarshe na gasar Tour de France yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50. Ya ɗaura wa kan kekensa wasu sanduna biyu da 'yan tirayatlon suka riga kowa amfani da su, waɗanda mutum ke kwantar da gwiwar hannu a kansu ya tsuke jikinsa. A kilomita 24.5 kacal, daga Basai zuwa Faris, ya ba Fignon daƙiƙa 58, ya ci gasar mako uku da tazarar daƙiƙa 8. Daga ranar ba wanda ya sake musun cewa iska ce babbar abokiyar gabar mai keke. Abin da ya kamata a tuna game da wannan rana shi ne cewa Fignon ma yana kan ƙafafu masu faifai. Abin da ya fi raba su shi ne yadda kowannensu ya zauna a kan keke da abin da ya sa a kansa.

Yanzu ga lissafin, wanda shi ne zuciyar maganar. Ƙarfin da mutum ke zubawa a feda da wat ake auna shi, irin wat ɗin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Ƙarfin da ake kashewa wajen keta iska ba ya hawa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. In ka ninka gudunka sau biyu, abin da iska za ta karɓa daga gare ka zai ninku sau takwas. Haka kuma idan aka sauko. Kamfani ya ce ƙafafunsa na rage wat 20 a gudun kilomita 48, to a gudun kilomita 30 abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, wato wat 5.

Masu sayarwa suna da amsa a kan wannan, kuma amsarsu gaskiya ce. Suna cewa mai tafiya a hankali ya fi daɗewa a hanya, saboda haka 'yar ribar da yake samu tana taruwa na tsawon lokaci, har mintunan da zai rage su kai ko su wuce na mai sauri. Bari mu gwada. Mutum da kekensa sun kai kilo 85, yana tafiya a kilomita 30 a hanya miƙaƙƙiya, zai kashe kusan wat 100 wajen iska, wat 30 kuma wajen mirginar taya a kwalta. Zai yi awa shida a kan kilomita 180. A irin wannan hali, duk kashi 1 cikin 100 da aka rage na jan iska yana ba shi kusan minti ɗaya. Wat 5 ɗin nan zai zama minti biyar ko shida. Ba abin rainawa ba ne. Sai dai wannan riba tana tsakanin ƙafar alminiyam siririya da ke zuwa da keke daga shago ne da ƙafar kabon (wani abu mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera kayan tsere da shi) mai zurfin baki. Tambayar da aljihu ke yi daban ce: tsakanin ƙafar kabon ta dala 1,000 da ta dala 4,000, masu zurfi iri ɗaya, nawa ne bambancin? A gwaje-gwajen da masu zaman kansu ke yi, 'yan wat kaɗan ne ke raba ƙafafun zamani masu zurfi ɗaya, ko a babban gudu. In aka ce wat 4 ne a ɗakin gwaji, a ƙarƙashin mai kilomita 30 ya koma wat 1, minti guda ke nan a cikin awa shida. Dala 3,000 a kan minti ɗaya, ga mutumin da zai kai awa 13 kafin ya ga layin ƙarshe, wanda zai iya ɓatar da minti uku yana neman safarsa a wurin sauya kaya.

Ban ce babu wanda minti ɗaya ya dama ba. Akwai masu neman gurbin zuwa Kona a rukunin shekarunsu, inda guraben kaɗan ne kuma daƙiƙoƙi na iya raba mai tafiya da mai komawa gida. Irin waɗannan sun riga sun gyara duk sauran abubuwa, saura ƙiris suke nema. Su kaɗan ne ƙwarai a cikin dubban da ke tsayawa bakin ruwa da safe.

Me ya sa ƙafa mai zurfin baki take gudu? Bakin ƙafar keke ta yau da kullum bai wuce milimita 25 ba, sifokinta dogaye suna dama iska kamar maburgi a tukunyar miya. In aka zurfafa bakin ya kai milimita 50 ko 60 ko 80, sifoki sun gajarce, iska kuma tana bin jikin bakin ta sulale maimakon ta karye. Idan iskar ta zo ta gefe kaɗan, bakin kan yi aiki kamar filafilan jirgin ruwa, har ya ɗan tura keken gaba. Steve Hed, wanda ya kafa kamfanin HED a Minesota, yana cikin waɗanda suka fara gano cewa baki mai kumburin ciki ya fi mai kaifi kamar wuƙa, kuma shi da abokin aikinsa sun yi rajistar wannan fasaha a farkon shekarun 1990. Kamfanin Zipp na Indiyanafolis, wanda SRAM ya saya a 2007, shi ma a kan wannan siffa ya yi suna. Rajistar fasaha ba ta wuce shekara 20, kuma ta wannan siffa ta daɗe da ƙarewa. Yau kusan kowane kamfani, babba da ƙarami, siffar nan mai faɗi da dasasshen baki yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa tazarar ta tsuke, ilimin da a da yake hannun kamfani biyu ya zama na kowa.

Abin da ƙarin kuɗi ke saya a yau ya fi karkata ga rashin nauyi, da ingancin hob, wato cibiyar ƙafar, da boris ɗinsa, da garanti, da suna. Rashin nauyi yana da daɗin ji a hannu idan ka ɗaga ƙafar a shago, amma rabin kilo a cikin kilo 85 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yawancin hanyoyin tirayatlon ba hawan dutse ba ne. Garanti kam abu ne na gaske, zan dawo kansa.

Ga wurin da nake ganin ana cutar sababbin shiga, ko da ba da gangan ba. Jikin mai tuƙi ne ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na jan iska, keken da duk tarkacensa sauran. Mutumin da ke zaune a miƙe, ƙirji a buɗe, riga na kaɗawa, in ya sa ƙafafun dala 4,000 ya gyara ƙaramin ɓangare ne ya bar babban. Sandunan da LeMond ya yi amfani da su, yau ana samun irinsu a kusan dala 100, kuma ga wanda bai taɓa sa su ba babu wani kaya da zai ba shi sauri kamarsu. Sai dai suna da sharaɗi. Dole mutum ya iya zama a kansu awa da awanni ba tare da wuya ko baya sun tilasta masa tashi ba. Shi ya sa zuwa wurin gwanin daidaita keke da jiki, wanda zai auna tsayin sirdi da nisan hannu, yake gaba da kowace ƙafa a jerin abin da ya kamata a biya. 'Yan ɗaruruwan daloli ne, kuma yana kare gwiwa da baya, sannan ya bar wa mutum ƙafar da zai yi gudun kilomita 42 da ita bayan ya sauka.

Sai taya, wadda ita ce aka fi yi wa rashin adalci. Ƙarfin da taya ke ci yana hawa ne daidai da gudu, ba ya ninkuwa irin na iska. Ma'anar wannan ita ce duk lokacin da gudun mutum ya yi ƙasa, rabon taya a cikin wahalarsa yana ƙaruwa. A lissafin da muka yi na mai kilo 85, taya mai kauri ta atisaye na iya cin fiye da wat 40, ta tsere mai laushi kuma ƙasa da 30. Bambancin ya haura wat 10, ya ninka abin da ƙafar kabon ta ba shi, kuma a awa shida ya fi minti goma. Taya biyu irin Continental Grand Prix 5000, wadda ta fito a 2018, ba su kai dala 200 ba. Wani Baholande mai suna Jarno Bierman ya shafe shekaru yana murza tayoyi a kan gangar ƙarfe yana buga sakamakon a shafinsa na Bicycle Rolling Resistance, kowa na iya dubawa kafin ya saya. Canza tub ɗin roba na gama-gari zuwa na lateks, wato ɗanyar roba mai laushi, shi ma yana rage 'yan wat a kan kuɗi kaɗan. Haka cika iska. An daɗe ana ɗauka cewa taya mai tauri kamar dutse ita ce mai gudu, sai aka gano a kan kwalta mai ƙurji keken tsalle-tsalle yake yi, jikin mai tuƙi yana shanye girgizar, ƙarfi yana tafiya a banza. Rage iska zuwa daidai nauyin mutum ko sisi ba ya ci.

Sarƙa mai datti ma tana cin nata rabo. Jason Smith na Friction Facts a Kolorado ya nuna haka da awo tun kafin kamfanin CeramicSpeed ya saye ɗakin gwajinsa a 2016, kuma daga irin wannan aiki ne al'adar tsoma sarƙa cikin narkakken kakin kyandir ta bazu. Riga mai kama jiki da hular kwano mai sulɓi suna biye. In aka haɗa duk waɗannan ba su kai kuɗin ƙafa ɗaya ta manyan kamfanoni ba.

Ga misalin da ke nuna ba kaya mafi tsada ne ke cin tsere ba: Chrissie Wellington ta Ingila ta zo Kona karo na farko a 2007, kusan ba wanda ya san ta, ta ci gasar a kan keken Cervélo P2C, wanda ba shi ne mafi tsada a kekunan kamfanin ba. Ta ci gasar sau huɗu kafin ta yi ritaya.

To me ya sa mai karanta sharhin kaya ba ya fitowa da wannan fahimta? A nan sai an kalli yadda sana'ar sharhin take cin abinci. Mujalla ko mai tashar YouTube ba kasafai yake sayen ƙafar dala 4,000 da kuɗinsa ba. Kamfani ne ke aiko masa aro, wani lokaci a gayyace shi bikin ƙaddamarwa a biya masa jirgi da masauki, a kuma sa masa ranar da zai saki labari. Kamfanin nan dai shi ne mai ba da talla a shafin. A ƙarƙashin sharhin kuma akwai maballin saye, wanda in ka latsa ka saya, mai sharhin yana da kamasho. Duk wanda ya san kasuwa ya san dillali, ya kuma san la'adarsa na ƙaruwa ne da tsadar kaya. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba. Da yawansu masu gaskiya ne, abin da suka ji a jikinsu suke faɗa. Matsalar tana wurin abin da ake kawo musu su gwada da wanda ba a kawowa. Sabon kaya mai tsada kullum yana kan teburinsu. Ƙafar gwanjo mai shekara shida, ko ta ƙaramin kamfanin da ba shi da ofishin talla, ba mai aiko musu ita. Shawarar cewa ka riƙe ƙafarka ka canza taya kuwa ba ta da la'ada ko ta anini.

Hukumomi sun san da wannan. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta a 2009 ta wajabta wa masu rubutu a intanet su bayyana in an ba su kaya ko kuɗi, ta sake ƙarfafa su a 2023. Bayyanawa tana da amfani, amma ba ta canza abin da aka zaɓa a yi magana a kai. Akwai masu sharhin da suka sa wa kansu iyaka. Ray Maker, mai shafin DC Rainmaker da ya shahara a kan agogunan wasanni da na'urorin awon wat, ya daɗe yana bayyana cewa yana mayar wa kamfanoni kayan aro, in yana so ya riƙe sai ya saya da kuɗinsa. Irin wannan tsari ne nake fara nema a shafi kafin in karanta hukuncinsa.

Akwai kuma matsalar harshen sharhin kansa. Za ka ji an ce ƙafa tana da rai, tana amsa kira, tana riƙe gudu. Mutum ba ya iya jin bambancin wat 2 a jikinsa, iskar da ta ɗan juya ko kofin shayin da ya sha da safe sun fi haka tasiri. Wanda ya san yana kan kaya mai tsada kuma zuciyarsa za ta gaya masa yana gudu, balle ƙafar kabon tana da wani ruri mai daɗi a kwalta. Idan sharhi ya kawo adadi, tambayoyin da suka dace su ne: a wane gudu aka auna, da wace taya mai wane faɗi, da mutum a kan keken ko ƙafar ce ita kaɗai ke juyawa, da wace ƙafa aka kwatanta ta, kuma wa ya biya kuɗin ɗakin gwajin? Kamfani in ya kwatanta sabuwar ƙafarsa da siririyar alminiyam zai samu babban adadi, kuma bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka yadda take da ta maƙwabcinsa mai rabin kuɗi ba.

Kasuwar kanta ta sauya cikin 'yan shekarun nan, kuma sauyin ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi daɗi. Tagwaye Jon da Chris Thornham sun kafa Flo Cycling a Amurka a kan sayarwa kai tsaye ba ta hannun shago ba. Birnin Shiyamen na lardin Fujiyan a Sin ya zama cibiyar ƙera kabon, kamfanoni irin su Light Bicycle da Farsports da Winspace suna aika wa mutum ƙafafu har gida, da yawansu a ƙasa da dala 1,000. Manyan ma sun ji a jikinsu. A 2020 Zipp ya fitar da 303 S a kan dala 1,300, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin manyan ƙafafunsa. Bayan annobar korona, lokacin da kowa ya ruga sayen keke sannan kasuwa ta faɗi, kaya suka yi kwantai a rumbuna, har babban shagon intanet na Ingila, Wiggle, ya durƙushe a 2023. Rangwame ya yawaita. Sannan tun da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da birkin faifai, wanda ke kamawa a tsakiyar ƙafa maimakon bakinta, a tseren hanya a 2018, masu hali suka koma sababbin kekuna, suka zubar da tsofaffin ƙafafu masu birki a baki a kasuwar gwanjo da araha.

A nan ne ya kamata mai neman sauƙi ya buɗe ido, domin araha ba ta ado in ta kai mutum asibiti. Kabon ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kamar ƙarfe, yana iya tsagewa ta ciki waje na ƙyalli. Mai sayen gwanjo sai ya cire taya ya duba bakin ciki da waje a haske, ya duba wurin da birki ke kamawa ko ya cinye, ya juya hob ya saurari boris. Ƙafar kabon mai birki a baki tana da lahani biyu sanannu: ba ta kamawa da wuri in ana ruwa, kuma a doguwar gangara zafin birki na iya lalata ƙaron da ya haɗa kabon ɗin. Garanti kuma yawanci na mai sayen farko ne. Wanda ya saya daga nesa, in ta lalace, sai ya yi lissafin kuɗin mayarwa da makonnin jira. A wannan fanni kuɗin babban kamfani yana sayen wani abu da ake gani.

Sabon abin lura shi ne baki marar ƙugiya. A da bakin ƙafa yana da ɗan lanƙwasa ta ciki da ke riƙe taya. Kamfanoni da dama sun cire shi saboda ƙirar ta fi sauƙi kuma ta fi araha. Irin wannan baki ba ya karɓar kowace taya, kuma ƙa'idar Turai ta hana a cika masa iska fiye da 5 a ma'aunin bar, wato kusan 72 a ma'aunin famfon da aka saba. A Fabrairun 2024 Thomas De Gendt na Beljiyam ya faɗi a gasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka ga tayarsa ta fita daga irin wannan baki. An yi ta jayayya a kan ko dutse ya taka ko ƙirar ce, har UCI ta ce za ta bincika. Mai nauyin jiki da ke son siririyar taya mai iska da yawa ya kamata ya san wannan kafin ya biya, kuma bai kamata sai a sakin layi na goma sha biyu na sharhi zai tarar da shi ba.

Zurfin ma yana da iyaka. Ƙafar gaba ita ce ke haɗe da hannun mai tuƙi, in ta kai milimita 80 iskar gefe ko babbar mota da ta wuce na iya fizge ta. A Kona an hana ƙafa mai faifai gaba ɗaya saboda iskar da ke kaɗawa a hanyar Hawi. Mace mai kilo 55 ko sabon shiga da tsoro zai sa ya saki sandunan ya tashi zaune duk lokacin da iska ta taso, ya yi asarar fiye da abin da ƙafar ta ba shi. Milimita 50 zuwa 60 a gaba ya ishi yawancin mutane. A baya kuwa, inda iska ba ta da hannun fizga, akwai wata tsohuwar dabara: faifan roba guda biyu da ake rufe sifokin ƙafar da kake da ita da su, irin wanda kamfanin Wheelbuilder ya riƙa yankawa daidai da ƙafar mutum a kusan dala 100. Yana ƙara nauyi kaɗan, ba shi da kyan gani kamar faifan kabon na dala 2,000, amma iska siffa take gani, kuma yawancin ribar faifan yana bayarwa a gasannin da suka yarda da shi.

Duk wannan magana ta fi nauyi ga wanda kuɗin shigarsa ba dala ba ne. Wasan yana ƙara shigowa Afirka: Ironman ya daɗe a gaɓar Nelson Mandela ta Afirka ta Kudu, inda aka yi gasar duniya ta rabin nisa a 2018, an kuma fara na Rubabu a Ruwanda a 2022. Ga ɗan Najeriya, tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. A wannan canji ƙafafun dala 4,000 sun kai naira miliyan 6, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Ko a matakin ƙasa abin ba sauƙi: a Olamfik na Faris a 2024, 'yar tseren keken Najeriya Ese Ukpeseraye da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. Kuɗin rajistar cikakken Ironman shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne, ga tafiya, ga masauki, ga rigar iyo, ga takalma da ke ƙarewa duk bayan 'yan watanni. Kamfanin da ke da gasar babbar kadara ce, kamfanin Wanda na ƙasar Sin ya saye shi a dala miliyan 650 a 2015, ya sayar wa kamfanin Advance a miliyan 730 a 2020, kuma daga aljihun masu yi don sha'awa wannan daraja ta fito.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda bai ma shiga ba. Matashiyar da ta iya iyo, take gudu, tana da keken hanya na gwanjo, ta buɗe mujalla ta ga kowane shafi keken dala 10,000 ne, sai ta yanke cewa wasan na masu hali ne. Alhali dokar gasa ba ta neman komai sai keke mai birki lafiyayye da hular kwano, kuma gajeren tsere mai iyon mita 750, keke kilomita 20 da gudu kilomita 5 ana gama shi a kan kowane irin keke.

Wanda ya riga ya shiga, yake da dala 1,500 da ya ware, ni ga yadda zan ba shi shawara ya raba ta. Ya fara da gwanin daidaita keke da sandunan hannu, sai taya biyu masu kyau da tub ɗinsu, sai riga mai kama jiki da hula, sai ya wanke sarƙarsa. Abin da ya saura, in ya kai, ya nemi ƙafar gaba mai milimita 50 ko 60, sabuwa daga ƙaramin kamfani mai garanti a rubuce ko ta gwanjo da ya duba da idonsa, ya rufe ta baya da faifan roba. In kuma gasa ɗaya ko biyu yake yi a shekara, a Amurka da Turai akwai shagunan da ke ba da hayar ƙafafun tsere na mako guda a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin saye. Sai dai ya karɓe su da kwana biyu ko uku a gaba, ya hau su a rana mai iska, ya kuma gwada cire tayar da mayar da ita da hannunsa, domin bakin mai zurfi yana buƙatar bawul mai tsawo, kuma tub ɗin da ke jakarsa ta faci mai yiwuwa gajere ne.